Daga Dandaji zuwa Zurik: sharhi kan aikin Mariam Issoufou da matsayin ginin ƙasa a jami'a

1. Gabatarwa

A shekarar 2022 Mariam Issoufou, ƴar ƙasar Nijar, ta hau kujerar farfesa a babbar makarantar kimiyya da fasaha ta Zurik, a ƙasar Suwis, wadda aka fi sani da ETH. Fannin da aka danƙa mata shi ne gadon gine-gine da ɗorewarsu. A wannan shekarar ce kuma Diébédo Francis Kéré na Burkina Faso, wanda ya zama farfesa a Munik tun 2017, ya samu lambar Pritzker, mafi girma a fagen zanen gine-gine. Mutum biyu ke nan daga Sahel, dukkansu sun yi suna da ginin ƙasa, dukkansu kuma a jami'o'in Turai suke koyarwa.

A cikin wannan takarda za mu duba tafarkin ilimin Mariam Issoufou da biyu daga cikin ayyukanta, wato gidajen Niamey 2000 da ginin Hikma na Dandaji. Tambayarmu ɗaya ce: idan sanin maginanmu ya kai wani ga kujerar farfesa, ta wace hanya wannan sani ke komowa gida? Ra'ayinmu shi ne aikinta ya raba ginin ƙasa da sunan talauci a idon masana, amma sauran aikin, wato mayar da shi abin koyarwa da abin doka a nan gida, ya fi ƙarfin mutum guda, kuma a wuyan jami'o'inmu ya rataya.

2. Tafarkin ilimi

An haife ta a 1979, ta tashi a Nijar. Ba da zanen gini ta soma ba: ilimin kwamfuta ta karanta a Amurka, a jami'ar Purdue da ta New York, ta kuma yi shekaru tana aiki da shi. Daga baya ta koma aji a jami'ar Washington da ke Siyatil, inda ta kammala digiri na biyu kan zanen gine-gine a 2013. Kundinta ya shafi wuraren taruwar jama'a a Yamai da yadda ƴan mata ke rasa gurbi a cikinsu. Wannan abin lura ne, domin ya nuna cewa tun farko birni ne damuwarta, ba bango kaɗai ba. A 2014 ta buɗe ofishinta a Yamai da sunan atelier masōmī, daga kalmar Hausa masomi. Ta koyar a jami'ar Brown da ta Harvard kafin Zurik, ta kuma samu lambar Yarima Claus ta ƙasar Holan a 2019.

Abin da za mu riƙe daga wannan tarihi shi ne tsarinsa. A fannoninmu na harshe da tarihi, kundi da maƙaloli ke kai malami ga matsayi. A fannin zanen gine-gine kuwa, ginin da aka tsayar shi ne hujja. Saboda haka duk mai son auna wannan kujera dole ya koma ga gine-ginen da suka haife ta.

3. Niamey 2000: batun cunkoso

A 1960 mutanen Yamai ba su wuce 30.000 da ƴan kai ba. Ƙidayar 2012 ta same su sun haura miliyan ɗaya. Birnin ya girma ta hanyar shimfiɗuwa: a yanka filaye, a raba, kowa ya ja katanga ya yi gida a ƙasa, unguwa ta bi bayan unguwa. Sakamakon haka sananne ne ga duk mazaunin birnin: gonaki sun zama gidaje, famfo da lantarki da kwalta ba su cim ma sababbin unguwanni, marasa hali kuma sun gangara fadama da bakin kogi, inda ambaliyar 2020 ta same su.

Gidajen Niamey 2000, waɗanda aka gama a 2016, amsa ce ga wannan matsala. Ƙungiyar united4design ce ta zana su, wadda ta haɗa Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili da Elizabeth Golden da Philip Sträter. Gidaje shida ne masu bene, manne da juna, an gina su da matsattsen tubali, wato jar ƙasa da injin hannu ko na wuta ke dannewa cikin ma'auni, ba tare da gashi ba. Masu zanen sun bayyana cewa daga tsofaffin birane irin su Tumbuktu da Kano da Damagaram suka ɗauko darasi. Duk wanda ya ratsa unguwar Birni a Damagaram ya san abin da ake nufi: lungu siriri, katanga na yi wa katanga inuwa, zaure na raba baƙo da cikin gida.

A ganinmu a nan ƙarfin aikin yake. Da yawa daga cikin masu sha'awar ginin gargajiya ado suke kwaikwayo, su ɗora zanko da zanen dagi a kan bulon siminti, su ce sun raya al'ada. Niamey 2000 bai yi haka ba. Abin da ya aro shi ne tsari: kusanci, inuwa, sirrin iyali, da bango mai kauri da ke shanye zafin rana ya jinkirta shigarsa ɗaki. Ya nuna cewa ana iya hawa sama ba tare da an tona asirin tsakar gidan maƙwabci ba, wanda shi ne babban dalilin da mutanenmu ke gudun bene.

Sai dai gida shida ba su yin unguwa. An yi su ne don masu matsakaicin hali, masu albashi. Mai turin kura da mai sayar da ruwa ba su cikin lissafin. Wannan ba laifi ba ne ga gwaji, har ma akwai hikima a ciki, domin talaka ba zai daina kallon ƙasa a matsayin abin kunya ba sai ya ga mai hali ya zaɓe ta. Amma ya kamata mu kira gwaji da sunansa. Cunkoso mai kyau ba ya samuwa daga fili guda. Yana bukatar magajin gari da ma'aikatar tsara birane su sake girman filayen da suke yankawa da faɗin titunan da suke shatawa.

4. Dandaji: magini da mai zane

Dandaji gari ne a jihar Tawa. Tsohon masallacin Jumu'arsa na ƙasa ya lalace, jama'a kuma suna son sabo. Mariam Issoufou da Yasaman Esmaili suka ba da shawarar a gyara tsohon ya zama ɗakin karatu, a gina sabon masallaci mai ɗaukar mutum 1000 kusa da shi, da matsattsen tubali daga ƙasar yankin. An gama aikin a 2018, an ba shi suna Hikma, don tunawa da Baitul Hikma na Bagadaza. Ya samu lambar zinariya ta gidauniyar LafargeHolcim a yankin Afirka da Gabas ta Tsakiya a 2017, da ta azurfa a matakin duniya a 2018.

Abubuwa biyu suka dace a yaba. Na farko, ba a mayar da tsohon gini kango na ƴan yawon buɗe ido ba, an ba shi aiki. Gini na ƙasa da ba a shiga, mutuwa yake yi. Na biyu, an gayyato maginan da suka san tsohon ginin cikin aikin gyara, ta haka sanin bakan gizo da rufin soro ya haɗu da sabbin dabaru.

A nan ne ya wajaba mu tuna cewa yankin yana da nasa malami tun kafin wannan. Alhaji Falke Barmu, manomi kuma magini, ya soma masallacin Yama a 1962, aka yi ta faɗaɗa shi har 1982, ginin kuma ya samu lambar Aga Khan a 1986. Ba shi da digiri, ba shi da kujera. Almajiransa a kan katanga suka koya, kamar yadda ake yi a ƙarƙashin sarkin magina a biranen Hausa tun zamanin Babban Gwani Muhammadu Durugu, wanda ya gina masallacin Zariya a ƙarni na 19. Idan muka jera Yama da Dandaji, za mu ga sani iri ɗaya ya bi hanya biyu. Ɗaya ta tsaya ga baki da hannu, tana raguwa yayin da samari ke komawa ga siminti. Ɗayar ta shiga takarda da zane da lissafi, ta kai Zurik. Ba mu ce ta biyun ta ƙwace wa ta farkon wani abu ba. Muna cewa ne har yanzu babu gadar da ta haɗa su a cikin jami'armu.

5. Tambayoyi uku

Ta farko ta shafi kalmar ɗorewa kanta. A Turai ma'anarta ta fi karkata ga hayaƙin da ke ɗumama duniya, tun da masana'antun siminti na fitar da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan Adam ke fitarwa. Wannan gaskiya ce, amma ba ita ke hana magidancin Maraɗi barci ba. Shi ɗorewa a wurinsa ita ce ɗakin da ba zai faɗa wa ƴaƴansa ba a watan Agusta. A watan Satumba na 2024 ruwan sama ya rushe tsohon masallacin Birni a Damagaram, ginin ƙarni na 19. Bayan irin wannan, da wace hujja za a ce wa mutum ya bar siminti? Amsar tana cikin harsashi mai tsawo, da indararo, da magudanar ruwa, da yaɓe a kan kari. Matsattsen tubalin ma akan garwaya shi da siminti kaɗan don ya jure ruwa. Ashe gardamar ba tsakanin ƙasa da siminti take ba. A kan gwargwado take, kuma gwargwadon ya danganta da irin ƙasar kowane wuri, abin da sai an auna a ɗakin gwaji.

Ta biyu ta shafi yaɓe. Ginin ƙasa ya rayu ne saboda akwai gayya, akwai makuba da laso, akwai lokacin da unguwa ta sani na gyaran soro kafin damina. Ma'aikacin da ke haya a Yamai ba shi da gayya. Duk wani tsarin birni da ya dogara ga ƙasa dole ya faɗi wanda zai yi gyara da wanda zai biya.

Ta uku ta shafi doka da daraja. Tun zamanin mulkin mallaka, lokacin da kwarin Gunti Yena ya raba unguwar Turawa ta Filato da ta ƴan ƙasa, harshen hukuma ya kasa gidaje kashi uku: dur, semi-dur da banco. Kalmar farko ta zama ma'aunin arziki, ta ƙarshe ta zama ta wucin gadi. Muddin banki da ma'aikatar filaye na kallon gida da wannan ido, lambobin yabo ba za su sauya zaɓin mai gini ba.

Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Hassan Fathy ya gina sabuwar Gurna a Masar tsakanin 1945 da 1948; littafinsa ya zagaya makarantun duniya, amma mutanen da aka yi ƙauyen dominsu da yawansu ba su yarda su ƙaura ba. A nan gida, shirin gini ba da itace ba, wanda ƙungiyar Development Workshop ta soma a Cikal wajen 1980 don rage saran giginya da goriba, ya horar da magina masu yawa, amma bai zama ginshiƙin manhajar injiniyoyinmu ba. Kyakkyawan misali shi kaɗai ba ya yaɗuwa.

6. Kammalawa

Ba daidai ba ne a tuhumi malami don ya karɓi kujera inda aka ba shi ɗakin gwaji da ɗalibai da kuɗin bincike. Mariam Issoufou ta ci gaba da gini a Afirka, har aka ba ta zanen cibiyar Ellen Johnson Sirleaf a Monrobiya da gidan tarihin Bët-bi a Senegal. Ta yi abin da mai zane zai iya: ta nuna cewa ƙasa na iya ɗaukar bene a birni da masallaci na mutum dubu a karkara.

Abin da ya rage namu ne. Da yawa daga cikin masu zanen gine-ginenmu a makarantar EAMAU ta Lome suka yi karatu. Masu son ƙwarewa kan ƙasa kuwa sukan nufi cibiyar CRAterre ta Grenoble, wadda aka kafa a 1979. Alhali tsohon garin Agadas, wanda UNESCO ta sa cikin gadon duniya a 2013, da Birnin Damagaram, da Yama, duk suna gabanmu. Muna ganin abubuwa uku sun wajaba. Sashen harsuna ya tattara kalmomin magina da bayanansu daga bakinsu, da Hausa, kafin tsofaffi su ƙare. Sassan kimiyya su auna ƙasar jihohinmu, su fitar da ma'aunin da banki da hukuma za su amince da shi. Jami'a kuma ta nemi hanyar da magini gwani zai tsaya gaban ɗalibai da matsayin malami, ba na baƙon kallo ba.

Jami'ar Yamai tana ɗauke da sunan Abdou Moumouni, wanda ya yi ilimin kimiyya a Faransa, ya dawo ya jagoranci ofishin makamashin rana na ƙasa, domin ya ga rana ita ce abin da muke da shi a yalwace. Ƙasa ma haka take. Ranar da ɗalibin Tawa zai karanta masallacin Yama a ajinsa, da lissafinsa da kalmominsa, a ranar ce za mu ce kujerar Zurik ta amfane mu.