Ƙasashen da Babu Su: Nazari a kan Sha'awar Zuwa Hutu Garuruwan Ƙagaggun Labarai

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka, inda ake yin dogon hutu a watannin zafi, watau daga Yuni zuwa Agusta, akwai wata tambaya da masu sha'awar adabi kan yi wa juna, wai da za a ba ka zaɓi, wace ƙasa daga cikin ƙasashen da marubuta suka ƙaga za ka je ka yi hutunka? Tambayar ta yi kama da wasa, amma manazarci bai kamata ya raina ta ba, domin tana nuna irin abin da ke saura a zuciyar mai karatu bayan ya rufe littafi. Har ma ta wuce fatar baka, don kuwa an sake wa wani gari suna, an kuma gina wani daga tushe, duk don a sayar wa masu yawon buɗe ido wurin da asalinsa takarda ce da tawada.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa marubuci ba ya ƙago ƙasar ni'ima sai ya gindaya mata sharaɗi, kuma a cikin sharaɗin nan ne jigon littafi yake. Mai sha'awar hutu yakan ɗauki ni'imar ya watsar da sharaɗin. Za mu duba misalai huɗu daga adabin ƙasashen waje, sa'an nan mu waiwayi ƙagaggun labaran Hausa na farko, mu ga yadda su suka ɗauki al'amarin.

2.0 Tsibirin da Ba a Fita Sai da Izini

Uban wannan irin rubutu a Turai shi ne littafin Utopia na Thomas More, wanda aka buga da harshen Latin a 1516. Sunan tsibirin daga Girkanci ya samo asali, ma'anarsa kuwa wurin da babu shi. Haka nan sunan kogin da ya ratsa babban birninsa yana nufin marar ruwa. Ashe tun daga sunaye marubucin ya yi wa mai karatu hannunka-mai-sanda.

Abin da ake tunawa game da tsibirin nan shi ne daɗinsa. Birane 54 ne masu tsari iri ɗaya, aikin yini sa'a shida ne kawai, babu mabaraci, zinariya kuwa ba ta da wata daraja, har da ita ake ƙera sarƙar ɗaure masu laifi. Abin da aka cika mantawa shi ne akwai bayi a tsibirin, kuma ɗan ƙasa ba shi da ikon barin yankin birninsa sai da takardar izini. Wanda ya fita ba izini za a komo da shi a wulakance, in ya sake kuwa a bautar da shi. Wato ƙasar da ake mafarkin zuwa yawon shaƙatawa, ita kanta ta ɗauki yawo ba dalili a matsayin laifi. More bai rubuta littafin don kwaɗaitar da matafiya ba. Kashi na farkonsa suka ce ga Ingila ta zamaninsa, inda masu hali ke korar manoma daga gonaki su mai da su makiyayar tumaki, sa'an nan a rataye wanda yunwa ta sa shi sata. Duk wanda ya karanta bayanin tsibirin bai haɗa shi da wannan suka ba, to ya sha romo ya bar nama.

3.0 Shangri-La: Daga Littafi zuwa Taswira

Misali na biyu shi ne littafin Lost Horizon na James Hilton, wanda ya fito a 1933. A cikinsa an sace mutum huɗu a jirgin sama aka kai su wani kwari ɓoyayye cikin duwatsun Tibet, inda akwai gidan ibada mai suna Shangri-La. Mazauna wurin ba sa saurin tsufa, har shugabansu ya haura shekara 200. Suna da littattafai da kayan kiɗa, ba gaggawa, ba hayaniya. Amma a lura da abubuwa biyu. Na farko, baƙin ba da son ransu suka je ba, kawo su aka yi don gidan yana bukatar sababbin mutane. Na biyu, wanda ya daɗe a kwarin, in ya fita, shekarunsa na gaskiya za su auka masa gaba ɗaya. Ni'imar ta mai zama ce har mutuwa, babu rabon mai zuwa ya koma.

Dalilin ƙago wurin kuma a fili yake cikin littafin. Tauraron, Conway, mutum ne da Yaƙin Duniya na Farko ya gajiyar da ruhinsa, shugaban gidan kuwa yana hango wani yaƙin da zai rusa duniya, don haka yake tara ilmi da fasaha a inda wuta ba za ta kai ba. Tsoron da ya lulluɓe Turai tsakanin yaƙe-yaƙen nan biyu shi ne ya haifi Shangri-La.

Duk da haka sunan ya bar littafin ya shiga duniya da ma'anar wurin hutawa kurum. A 1942 Shugaba Roosevelt na Amurka ya laƙaba shi ga gidan hutunsa, wanda daga baya aka mai da shi Camp David. A 2001 kuma hukumomin ƙasar Sin suka amince a sake wa gundumar Zhongdian ta lardin Yunnan suna zuwa Shangri-La, bayan da wurare da dama suka yi ta jayayya kowa na cewa shi ne kwarin da Hilton ya kwatanta. Gari mai mutanensa da tarihinsa ya ari sunan da wani Bature ya ƙaga, don ya jawo baƙi. Kwarin da darajarsa a littafi ita ce wuyar shiga da wuyar fita, yau yana da filin jirgin sama.

4.0 Ƙauyen Tolkien da Garin Macondo

Irin wannan yankan-baya ya sami ƙasar Shire ta J. R. R. Tolkien, wadda ta bayyana a The Hobbit a 1937, da kuma The Lord of the Rings a 1954 zuwa 1955. Tolkien ya ɗauko siffarta daga karkarar tsakiyar Ingila, musamman ƙauyen Sarehole inda ya yi ƙuruciya, wanda birnin Birmingham ya haɗiye daga baya. Ƙauyen da baƙi ke ziyarta yanzu kuwa yana wata gonar tumaki kusa da Matamata a ƙasar Niyu Zilan, an gina shi ne don ɗaukar fim. A kusa da ƙarshen littafin, da taurarin suka komo gida, sun tarar an sare itatuwa, an gina injin niƙa mai hayaƙi, an ɗora wa mutane dokokin zalunci, sai da suka yi yaƙi kafin su ƙwato ƙasarsu. Finafinan da aka yi daga 2001 zuwa 2003 sun tsallake wannan babi. Saboda haka ƙauyen da aka gina wa baƙi shi ne wanda ɓarna ba ta taɓa shafa ba, alhali marubucin ya nace a kan cewa babu gidan da ya fi ƙarfin ɓarna.

Shi kuwa garin Macondo, na littafin Gabriel García Márquez na 1967 wanda sunansa ke nufin shekara ɗari ta kaɗaici, lamarinsa ya fi ban mamaki. A 2006 an yi ƙuri'a a Aracataca, mahaifar marubucin a ƙasar Kolombiya, kan a haɗa sunan garin da Macondo, amma waɗanda suka fito jefa ƙuri'a ba su kai adadin da doka ta nema ba, sai maganar ta mutu. Macondo ta littafi gari ne da ya ga yaƙin basasa, aka karkashe ma'aikatan kamfanin ayaba a cikinsa, abin da ke ishara ga kisan da ya auku a Ciénaga a 1928, aka yi ruwan sama na kusan shekara biyar, daga ƙarshe guguwa ta share shi. Wanda ya ce nan yake son zuwa hutu, sai a tambaye shi ko ya kai ƙarshen littafin.

5.0 Ƙasar Irami da Makamantanta a Adabin Hausa

A shekarar da littafin Hilton ya fito, watau 1933, ita ce shekarar da Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar da ta haifar da ƙagaggun labaran Hausa na farko, ciki har da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na wansa Bello Kagara. Dukansu biyu suna da ƙasashen da babu su, amma ba wanda ya je can don hutawa.

Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya bar Kwantagora ne da bukata, wato ya samo ruwan da zai warkar da ɗan sarki, ya kuma wanke Liman daga kunyar da aka ba shi a fada. Ruwan yana ƙasar Irami, wadda ke hannun aljannu, sunan kuwa yana tuna wa mai karatu birnin Iram da aka ambata a Suratul Fajri, wanda kuma akwai hikayarsa a Dare Dubu da Ɗaya. Abin lura shi ne ƙasar ba ta ci wuri mai yawa a littafin ba. Mafi yawan shafuffuka sun tafi ne a garuruwan kan hanya, na gaske irin su Tambutu da na ƙage irin su Saburi, inda Alhaji da Malam Zurƙe ke ta yi wa juna wasan kura. Garuruwan nan, ko da sunayensu baƙi ne, akwai kasuwa, akwai alkali, akwai gidan yari, akwai sarki da fadawansa. Ma'ana, ƙasar Hausa ce aka sake wa suna don a sami damar yi mata dariya. Da Alhaji ya sami ruwan kuwa bai zauna ba, gida ya nufa, domin amfanin ruwan yana Kwantagora.

A Ganɗoki dalilin ƙago ƙasar ya fi fitowa fili. Kashi na farko tarihi ne, ya biyo yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa har zuwa faɗuwar daular Sakkwato a 1903. Sai bayan da takobi ya kasa a duniyar gaske ne tauraron ya yi gabas, shi da ɗansa Garba Gagare, suka shiga ƙasashen aljannu inda jarunta ke da sauran amfani. Ƙasar ƙage a nan ramuwa ce ga shan kayen da aka yi a fagen fama. Amma shi ma ya komo, ya tarar da ƙasarsa ta sake kama a hannun Turawa. Ko a Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, na 1969, yaron nan Kilba da aka ɗauka zuwa sararin samaniya ya je ne ya ga abin mamaki ya dawo da labari.

Wannan ya dace da yadda Bahaushe ya san tafiya a wancan zamani. Akwai fatauci, akwai cin rani bayan an kau da amfanin gona, akwai almajiranci, akwai tafiya Makka ta ƙasa wadda kan ɗauki shekaru. Kowacce a cikinsu nema ce, kuma ana auna ta da abin da matafiyi ya komo da shi. Imam da kansa, da ya rubuta labarin zuwansa Ingila na 1943, Tafiya Mabuɗin Ilmi ya sa masa suna. Ba muna cewa adabin Hausa ya fi na Turai hikima ba ne. Bambancin shi ne sharaɗin da More da Hilton suka saƙa cikin ƙasar kanta, marubutanmu a kan hanya suka shimfiɗa shi, inda mai karatu ba zai iya tsallake shi ba.

6.0 Kammalawa

Sau da yawa ɗalibanmu, idan sun zo bayanin wuri a nazarin ƙagaggen labari, sukan jera sunayen garuruwa, su ce wannan na gaske ne wancan na ƙage ne, su wuce zuwa jigo da salo, kamar dai wuri shimfiɗa ce da aka ɗora labari a kai. Misalan da muka kawo sun nuna akwai aikin da ya fi wannan. Shawararmu ga malamai ita ce su yi amfani da tambayar hutun nan a aji, domin tana sa ɗalibi ya yi magana, amma su biyo ta da wasu guda uku. Ta wace hanya ake shiga ƙasar? Me mazauninta ya rasa kafin ya sami ni'imarta? Wane rashi ne a ƙasar marubucin ya sa shi ƙago ta? Ɗalibin da ya amsa waɗannan game da Irami ko Shangri-La ya kama jigon littafin, ko da bai kira shi da sunansa ba.

Sha'awar ganin wurin da aka karanta ba aibu ba ce, shaida ce ta gwanintar marubuci wajen siffantawa. Sai dai hangen Dala ba shiga birni ba ne, kuma wanda ya sauka a filin jirgin saman Yunnan ya isa wani gari na ƙasar Sin mai nasa tarihi, wanda ya cancanci a san shi don kansa. Kwarin da Hilton ya ƙaga yana nan inda ya bar shi, cikin littafi, tare da sharaɗinsa.