Ƙarar Ƙofar Mota a Fim Ɗin da Ba a Magana

A watan Oktoba na 1927 kamfanin Warner Bros. na Amurka ya fito da The Jazz Singer, 'yan kallo suka ji muryar ɗan wasa tana tashi daga majigi. Ba a yi shekara uku ba, manyan kamfanoni duk suka koma fim mai magana. Cikin wannan guguwa ce Charlie Chaplin ya fara ɗaukar City Lights a watan Disamba na 1928, ya kuma ƙi sa magana a ciki. Matsiyacin nan mai sanda da guntun gashin baki, wanda shi da kansa yake fitowa a matsayinsa, duniya ta san shi ne ta motsin jiki. Da ya buɗe baki da Turanci, da ya zama na masu jin Turanci kaɗai.

Wannan taurin kai ya jawo masa aiki. Jigon labarin shi ne wata makauniya mai sayar da furanni ta zaci matsiyacin attajiri ne. To, yaya mai kallo zai gane haka ba a faɗa masa ba? Sau 342 aka ɗauki haɗuwarsu ta farko, shi da Virginia Cherrill. Mafitar da ya samo ita ce: matsiyacin ya ratsa cikin wata motar alfarma da ke tsaye, ya fito ya rufe ƙofa. Yarinyar ta ji ƙarar, ta ɗauka mai motar ne ya sauko. Mai kallo kuwa a fuskarta ya karanta abin da kunnenta ya ji.

Fim ɗin bai kuɓuta daga aibi ba. Attajirin mashayi, wanda yake sanin matsiyacin cikin maye ya manta da shi da safe, an maimaita shi har ya so ya gundura. Amma ƙarshen ya biya bashi: bayan idonta ya buɗe, sai da ta taɓa hannunsa ta gane shi.

An fara nuna fim ɗin a Los Angeles ranar 30 ga Janairu, 1931, ya kuma yi kasuwa. Chaplin bai yi cikakken fim mai magana ba sai a 1940.

'Yan'uwa marubuta, mu duba labaranmu. Sau nawa muke sa tauraro ya yi shafi biyu yana bayyana son da yake yi, alhali rufe ƙofa ɗaya ya isa?