Wa Ke Magana a Kan Maɓalli? Tarken Hausar Wijitocin Manhaja

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa aika kuɗi ta wayar hannu, ko ya cike takardar neman shiga jami'a a kwamfuta, ya yi hulɗa da wasu 'yan abubuwa da ke bayyana a kan allo: maɓallin da ake dannawa, gurbin da ake rubuta suna a ciki, akwatin da ake sa wa alama, da jerin da ake zaɓar abu ɗaya daga cikinsa. Masu tsara manhaja suna kiran kowane ɗaya daga cikin waɗannan da sunan wijit, kuma da su ne ake gina fuskar manhaja kamar yadda ake gina ɗaki da tubali.

Manyan kamfanoni irin su Microsoft da Google da Facebook sun fitar da fuskokin manhajojinsu cikin Hausa, haka ma ƙananan masu tsara manhaja na gida suna ta ƙoƙari. Wannan abin a yaba ne. Amma manufar wannan takarda ita ce ta nuna cewa yawancin tuntuɓen da ake yi a irin wannan aiki ya samo asali ne daga ɗaukar rubutun wijit tamkar jerin kalmomin ƙamus, alhali kuwa kowane wijit zance ne da ke da mai faɗa da wanda ake faɗa wa. Za mu fara da bayanin wijit da yadda yake aiki, sa'an nan mu auna Hausar da ake ɗora masa. Misalan da ke ciki ni na tsara su don su wakilci matsalolin, ba a ɗauko su daga wata manhaja takamaimai ba.

2.0 Asalin Wijit da Yadda Yake Aiki

Kafin a sami fuska mai zane, mutum yakan rubuta wa kwamfuta umarni ne layi bayan layi. A shekarar 1973 cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka ta ƙera na'urar Alto, mai tagogi da linzami. Na'urar Star ta biyo baya a 1981, sai Macintosh ta kamfanin Apple a 1984, wadda ta kai wannan tsari hannun jama'a. A wannan shekarar ta 1984 ne kuma aka fara tsarin tagogi na X a jami'ar MIT, kuma a cikin kayan aikin da aka yi masa ne kalmar wijit ta zauna da ma'anarta ta yau.

Don sauƙin bayani za mu ɗauki akwatin kayan aiki na Tk, wanda John Ousterhout ya fitar a 1991 yana jami'ar Kalifoniya a Berkeley, kuma har yau masu koyon harshen Python suna fara gina fuska da shi. Abubuwa huɗu ne ginshiƙan wannan tsari.

Na farko, kowane wijit yana da siffa da hali. Siffarsa ita ce girmansa da launinsa da rubutun da ke kansa. Halinsa kuwa shi ne matsayin da yake ciki a wannan lokaci, watau ko akwati yana da alama ko babu, ko maɓalli yana amsa danni ko an dakatar da shi.

Na biyu, wijitoci suna zaune ne cikin tsarin uwa da 'ya'ya. Babbar taga ita ce uwa, a cikinta akwai sassa, a cikin kowane sashe akwai maɓallai da gurabe. Idan aka rufe uwa, 'ya'yanta duka sun tafi tare da ita.

Na uku, akwai mai rabon fili, watau ɓangaren da ke tambayar kowane wijit yawan wurin da yake bukata, sa'an nan ya jera su a cikin uwarsu. Tk yana da irinsa guda uku: mai jerawa daga gefe, mai jerawa cikin layuka da ginshiƙai, da mai dasa wijit a daidai wurin da aka auna masa.

Na huɗu, manhaja takan zauna cikin jiran aukuwa. Danna linzami aukuwa ce, taɓa harafi aukuwa ce. Da zarar ta auku sai a miƙa ta ga wijit ɗin da ta shafa, shi kuma ya tayar da aikin da aka ɗaura masa tun farko. Abin lura a nan shi ne, rubutun da ke kan maɓalli dabam, aikin da aka ɗaura masa dabam. Mai fassara yana iya canza rubutun yadda ya ga dama, aikin ba zai canza ba. Saboda haka idan rubutu ya ce gabas, aiki ya yi yamma, manhaja ba za ta ga laifi ba. Mai amfani da ita ne zai kwana a ciki.

3.0 Mai Magana da Wanda Ake Yi wa Magana

Ta fuskar zance, wijitoci sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda na'ura ke magana da mutum ta bakinsu, kamar rubutun da ke gefen gurbi da tagar gargaɗi. Akwai kuma waɗanda mutum ke magana da na'ura ta bakinsu, kamar maɓalli da jerin umarni. Aikatau na Ingilishi yana da siga ɗaya da ke ɗaukar duka biyun, don haka mai tsara manhaja a can ba ya damuwa da bambancin. Bahaushe kuwa dole ya zaɓa:

(1) a. Ajiye
b. Ajiyewa
c. A ajiye
d. Ka ajiye / Ki ajiye / Ku ajiye

A kan maɓalli, mutum ne ke bai wa na'ura umarni, don haka (1a) ce ta dace. Siga ta (1b) suna ce, ta fi dacewa da kan taga ko kan sashe. Siga ta (1d) a kan maɓalli ta juya zancen, ta mai da na'ura mai ba da umarni, har mutum ya tsaya yana tunanin inda zai je ya yi ajiyar. Sau da yawa akan ga sigogin nan a cakuɗe cikin taga ɗaya, wannan maɓalli da umarni, na kusa da shi da sunan aiki. Dalili kuwa shi ne akan miƙa wa mai fassara kalmomin ne a jere, ba tare da ya ga wijit ɗin da kowace za ta hau ba.

Idan na'ura ce ke magana sai matsalar jinsi ta taso. "Shigar da sunanka" ya bar mata a waje, "sunanka/ki" kuma ba zance ba ne da wani Bahaushe ke furtawa. Hausa tana da mafita tun asali, watau lamirin da ba ya nuna jinsi ko adadi, wanda kuma shi ne na ladabi. Da shi ake ce wa baƙo "a shigo", a tambayi dattijo "an zo lafiya?" Don haka "A shigar da suna" da "An aika saƙo" sun game kowa, kuma ba su da kaushin yaro yana yi wa babba umarni.

4.0 Aikatau da Karɓau

Tun 1960 F. W. Parsons ya bayyana tsarin giredin aikatau na Hausa, inda ya nuna cewa aikatau yakan canza ƙarshensa gwargwadon abin da ya biyo bayansa. Aikatau 'yan giredi na biyu ne suka fi nuna wannan a rubuce:

(2) a. An zaɓa.
b. An zaɓi hoto.
c. An zaɓe shi.

Masu tsara manhaja suna da al'adar haɗa jimla daga guntaye: a fassara aikatau sau ɗaya, a bar masa gurbi, manhaja ta riƙa cusa suna a ciki lokacin aiki. Wannan dabara takan haifar da jimloli irin su "An zaɓa hoto", waɗanda kunnen Bahaushe ba ya karɓa. Haka nan wakilin suna: "An goge shi" ya dace da hoto, amma idan abin da aka goge wasiƙa ce sai "An goge ta". Magani shi ne a bai wa mai fassara cikakkiyar jimla ga kowane hali, ko kuma ya gina jimlar yadda ba za ta dogara da abin da za a cusa ba, alal misali "Abin da aka zaɓa: hoto".

5.0 Hali da Aiki

Mun ce wijit yana da hali. Makunnin da ake turawa dama ko hagu yana nuna hali, kuma yana karɓar umarni a lokaci guda, don haka rubutunsa yana bukatar kulawa. Hausa ta bambanta aiki da hali sarai: "kunna" aiki ne, "a kunne" hali ne. Amma a duba abokin tafiyarsa:

(3) A kashe

A baki, karin sauti yana raba "a kashe" mai nufin abu yana kashe da "a kashe" mai nufin ana so a kashe shi. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka a kan allo su biyun sun zama ɗaya. Haka "a buɗe" da "a rufe". Mutumin da ya ga (3) a gefen makunnin da ke bai wa manhaja izinin sanin inda yake, ba zai tabbatar ko sirrinsa a rufe yake ba. "An kashe" da "An kunna" sun kawar da wannan shubuha da ƙarin harafi ɗaya kacal.

6.0 Tambaya da Amsa

Tagar tambaya ita ce inda kuskure ya fi tsada, domin a nan ne ake yanke hukuncin da ba a iya janyewa. A duba wannan:

(4) Ba a so a aika kuɗin?
I / A'a

A al'adar Hausa, "i" a nan yana gaskata maganar mai tambaya ne, watau ba a so. Mai tsara manhajar da ya yi tunani da Ingilishi yana iya ɗaura wa "I" aikin aikawa. Haka kuma idan taga ta tambaya ko a soke ciniki, aka sa maɓallai biyu, "To" da "Soke", mutum ba zai san ko "Soke" cinikin zai soke ko tambayar ba. Hanya mafi aminci ita ce a guji tambaya mai korewa, kuma kowane maɓalli ya faɗi aikinsa da bakinsa: "Aika kuɗin" da "Kada a aika".

Nan ne mai rabon fili ya shigo. Cikakkiyar Hausa takan fi Ingilishi tsawo, kuma idan an dasa maɓalli da ƙayyadadden awo sai rubutu ya guntule. Mai fassara yakan tsorata ya datse Hausarsa har ma'ana ta lalace. Gyaran yana hannun mai tsara manhaja, domin an yi mai rabon fili ne musamman don ya faɗaɗa wijit daidai da abin da ke cikinsa.

7.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Tsarin Unicode ya tanadi lamba ga ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake amfani da ita a Nijar a inda Nijeriya ke rubuta 'y. Duk da haka akan sami gurbin rubutu da ke ƙin karɓar su, ko ya ƙi alamar hamza, sai mai suna Sa'adatu ko Ɗanladi ya ga an ce sunansa ba daidai ba ne. Jerin sunaye ma, idan aka bar shi ya bi lambobin haruffa tsagwaronsu, zai kai Ɗanladi bayan Zainab, maimakon bayan Dauda inda malamin makaranta zai neme shi.

8.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa kafin a fassara rubutun wijit sai an san abu uku: wane ne ke magana, aiki ake nufi ko hali, kuma me zai biyo bayan aikatau. Daga nan muna ba da shawarar a riƙa amfani da sigar umarni tsura inda mutum ke magana da na'ura, da "a" ko "an" inda na'ura ke magana da mutum, da sunan aiki a kan tagogi da sassa. Muna kuma kira ga sassan koyar da Hausa a jami'o'i da su sa wannan fanni cikin darasin fassara, ɗalibi ya gina 'yar taga da hannunsa, ya ga inda kalmarsa za ta zauna. Akwai Hausawa masu yawa da rubutun Hausar da suka fi karantawa a yini shi ne wanda ke kan allon wayarsu. Idan suka saba da gurguwar Hausa a can, ko dai su ɗauke ta daidai, ko su mai da wayar Ingilishi su huta, kuma kowanne aka yi harshen ne ya yi asara.