Gaɓar Suna a Latin da Batun Jinsi a Hausar Gabas: Tsokaci

Gabatarwa

Wannan maƙala za ta yi tsokaci ne a kan ra'ayin da ke ɗaukar "rigan Audu" da "mota ne", waɗanda ake ji a bakin jama'ar Bauchi har zuwa Azare da Katagum, a matsayin gurɓatacciyar Hausa. Muna ganin tarihin suna a Latin ya isa ya raunana wannan ra'ayi.

Abin da Ya Sami Sunan Latin

Sunan Latin yana da jinsi uku: namiji da tamace da na tsaka-tsaki. Yana kuma sauya ɗafa-ƙeya gwargwadon matsayinsa a jimla, tamkar i'irabin Larabci. Misali, "bango" shi ne murus idan fa'ili ne, murum idan maf'uli ne. Da bakin talakawa ya shafe waɗannan ƙarshe, siffar maf'uli ce ta haifi muro a Sifaniyanci da mur a Faransanci. Jinsin tsaka-tsaki ma ya ɓace a mafi yawan 'ya'yan Latin. Kalmar folia, jam'in "ganye", ta koma tilo tamace: feuille a Faransanci, hoja a Sifaniyanci. Haka nan oricla, wadda jerin gyare-gyaren nan na Appendix Probi ya la'anta, ita ce uwar oreille da oreja, wato "kunne".

Ina Kuskuren Yake?

Idan aka auna da wannan, za a ga cewa abin da ke faruwa a gabas sauyi ne mai ƙa'ida. Mahaɗin -n ya mamaye gurbin -r, dirkar ne ta mamaye gurbin ce, kuma ma'ana ba ta salwanta ba. Tun 1982 Dauda Bagari ya nazarci Guddiranci a matsayin kari mai tsarinsa. Laifin masu wancan ra'ayi shi ne sun mai da Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina bisa Kananci, ma'aunin asali, alhali yarjejeniya ce ta rubutu da koyarwa.

Kammalawa

Ba muna cewa a daina koya wa ɗalibin Azare "rigar Audu" ba. Jarrabawa na bukatarta. Abin da muke ƙi shi ne a ce masa harshen mahaifiyarsa karyayye ne. Wajibi ne masana su tattara Guddiranci daga bakin dattawa tun kafin makaranta da rediyo su shafe shi.