Awon Ido da Awon Sikeli: Ɗurin Bindiga a Ƙasar Katagum

A watan Janairun 1824 Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka Katagum, zamanin Sarki Ɗankauwa. A labarin tafiyarsa ya ce an nemi ya gwada harbi, ya auna bara sau biyu, duka biyun ya samu, har Sarki ya yi ta'awizi ya yafa masa riga. Samu ɗaya ba ya ba kowa mamaki a ƙasar maharba. A ganina harbi na biyun ne ya girgiza fada, domin bindigar ta maimaita abin da ta yi.

Wannan maimaitawar ce adaka ba ta iya ba har yau. Duk wanda ya tsaya kusa da 'yan bindiga ranar hawan Sallah a Azare, inda sarautar ta koma a 1916, ya ga yadda ake ɗuri. Mutum zai zuba albarushi a tafin hannu, ya karkata shi a bakin bindiga, ya cusa tsumma, ya danna da sandar ƙarfe. Sannan ya miƙa ta nesa da jiki, ya kau da kai, ya ja kunama. Kau da kan nan shaida ce: shi kansa bai san iyakar abin da zai fito ba. Hannun wani ya fi na wani faɗi, albarushin damina ya sha raɓa, na hunturu ya bushe ƙayau, ga kuma zuga in taro ya cika.

A Amurka kuwa akwai masu ɗura harsashi da kansu a gida, kuma a wajensu awo ya kusa zama addini. Suna auna albarushi da sikelin da ke raba fam ɗaya gida 7,000, har su sake raba kowane kaso gida goma. Cikin kayan aikinsu akwai injin matsi mai kai kamar faifai, irin na kamfanonin Lee, Lyman da Redding. Ana jera bakunan aikin a jikin faifan, sai a riƙa juya shi maimakon kwancewa da ɗaurawa. Gardamarsu ta daɗe: wasu na cewa duk abin da ke juyawa ba ya rasa ɗan girgiɗi, don haka injin mai baki ɗaya ya fi daidaito. Wasu na cewa bakin da aka saita sau ɗaya aka bar shi ya fi wanda ake taɓawa kullum. Tazarar da suke jayayya a kanta ba ta kai kaurin gashi biyu ba.

Rashin adalci ne a auna ɗan bindigar fada da wannan ma'auni. Shi ba bara yake nema ba. Aikinsa ƙara da hayaƙi, a ji daga bayan gari cewa Sarki ya fito, kuma bambancin amon bindigogin yana cikin armashin abin. Da duka za su tashi da murya ɗaya, da hawan ya koma faretin soja.

Inda nake da ja shi ne gasar wa ya fi ƙara. Gangar adaka ta maƙeri ce, sau da yawa bututun da ba don wuta aka yi shi ba, kuma ba wanda ya gwada iyakar ƙarfinta. Idan aka ƙara mata ɗuri don burgewa takan fashe, yatsu su tafi. Maharbin daji ya fi kiyayewa, don shi kuskure ɗaya na nufin dawowa da taiki wayam. Sayo injin Amurka ba magani ba ne, adaka ba ta da kwanso balle a matse shi, dokar makamai ta 1959 kuma ba ta bar kowa ya haɗa harsashi ba sai da izini. Abin da ke hannun shugabannin 'yan bindiga shi ne su tsayar wa kowace bindiga ma'auninta, su kuma duba gangarta kafin ranar hawa.