Tom da Jerry Ba Su Mutu a Kan Layin Dogo Ba

Duk bayan 'yan watanni sai ya dawo, kamar zazzaɓin damina. Guntun bidiyo ne da bai cika minti ɗaya ba. Tom na zaune a kan layin dogo, idanu sun yi jawur, kafaɗu sun zube. Jerry ya sauko daga kan gada ya zauna a gefensa. Can nesa jirgi yana kuka. Wanda ya yanko guntun ya cire sautinsa na asali ya ɗora waƙar Indiya mai karya zuciya, sannan ya rubuta a sama da manyan baƙaƙe cewa wannan shi ne kashi na ƙarshe na Tom da Jerry, wai a nan jirgi ya bi ta kansu.

Garin Dayi ma ya iso, ta hanyar da komai ke isowa yanzu: daga Facebook zuwa TikTok, daga can zuwa zaurukan WhatsApp, daga nan ya faɗa hannun masu tura fina-finai a shagunan cajin waya. Da dare a teburin mai shayi sai a ga waya ɗaya, kawuna biyar a kanta. Ƙarti majiya ƙarfi, waɗanda suka wuni suna loda buhunan masara a motar da za ta bi hanyar Gwarzo ta shiga Kano, su ne ke girgiza kai suna cewa Allah sarki Tom. Wannan ya ce ashe haka aka ƙare. Wancan ya ce shi dama ya sani, mace ce ajalinsa.

To ba haka aka ƙare ba. Labarin ƙanzon kurege ne, kuma abin da ke ƙona ran mai wannan shafi shi ne yadda ake gyara shi yau, gobe ya sake tsiro kamar ƙuduji a gonar dawa.

Sunan wannan kashi Blue Cat Blues, kamfanin MGM na Amurka ya fitar da shi ranar 16 ga Nuwamba, 1956. William Hanna da Joseph Barbera, waɗanda suka ƙirƙiro muzurun da ɓeran tun 1940, sun yi gajerun katun 114 a kansu kafin zangonsu na farko ya rufe. Na layin dogon shi ne na 103. Ko ɗan aji uku na firamare ya iya wannan lissafi: saura 11. Mako huɗu kacal bayan fitarsa, a watan Disamba na shekarar, aka saki Barbecue Brawl, inda Tom da Jerry, lafiyarsu ƙalau, suka hana kare Spike da ɗansa gasa nama cikin kwanciyar hankali. Na ƙarshe a jerin Hanna da Barbera shi ne Tot Watchers na 1958, kuma babu layin dogo a cikinsa. Jariri ne ya yi ta rarrafe yana ficewa daga gida, mai renonsa ta maƙale a kan tarho, su biyun suna ta wahalar dawo da shi.

Ko shi ma Tot Watchers ɗin ba ƙarshe ba ne. Gene Deitch ya yi 13 a birnin Prague a 1961 da 1962. Chuck Jones ya yi 34 daga 1963 zuwa 1967. An yi jerin talabijin iri-iri. Shi kansa Barbera, yana da shekara casa'in da ɗoriya, ya sa hannu a The Karate Guard a 2005, shekara guda kafin rasuwarsa. A 2021 kamfanin Warner Bros. ya kai su silima cikin dogon fim tare da mutane na gaske. Ana muzuru ana shaho, katun ɗin ya haura shekara 80 yana nan daram. Amma saurayi a Dayi ya riƙe waya mai intanet a hannu, wayar da za ta nuna masa duk wannan cikin daƙiƙa goma, yana rantsuwa cewa jirgi ya take su tun kafin a haifi kakansa.

Gaskiya ɗaya dai dole a ba masu kukan: kashin yana da ban tausayi, kuma da gangan aka yi shi haka. Ya fita daban da sauran. Babu guje-guje, babu kwanon suya a fuska. Jerry ne ke ba da labari da muryar cikin zuciya, abin da ba a saba ji ba a wasan da yawanci kiɗan Scott Bradley ke magana a madadin baki. Tom ya faɗa son wata farar kyanwa. Butch, baƙin muzuru mai kuɗi, ya shigo neman. Tom ya tattara abin da ya mallaka ya sayi zobe, dutsensa sai da gilashi mai ƙara girman abu ake ganinsa; na Butch kuwa sai an sa gilashin masu walda saboda ƙyalli. Tom ya kawo 'yar kwalbar turare, ya tarar da tanka guda ta turare a ƙofar gida. Ya ci bashin da ya fi ƙarfinsa ya sayi akwalar mota, doguwar motar Butch ta bi ta kanta. Ya koma ɗirkar madara kamar mashayi, har ruwa ya kusa tafiya da shi a kwata, Jerry ya cece shi. A ƙarshe shi ma Jerry ya ga tasa budurwar ta wuce a motar wani ɓera mai hali.

Wane saurayi ne tsakanin Malumfashi da Funtua bai san wannan labari ba? An yi noma, kaka ta yi, an sayar da waken soya da masara, an fara haɗa lefe akwati ɗaya bayan ɗaya, sai ga wani Alhaji ya faka mota a ƙofar gidan su yarinya. Ciwon na gaske ne. Wanda ya kalli Tom ya ga kansa bai yi laifi ba.

Laifin yana wajen ƙarin gishirin. Hanna da Barbera sun tsayar da hoto a kan kukan jirgi, suka rufe. Ba a nuna jirgin ya iso ba, ba a nuna gawa ba, ba a ce ƙarshe ke nan ba. Mai yanka bidiyo ne ya kashe su da hannunsa, don ya san kuka ya fi dariya saurin yawo a waya. Shi yana tara masu bibiya, jama'a suna tara masa hawaye kyauta.

Kuma wai tun yaushe mutuwa ta fara kama Tom? Wannan muzuru an daddatsa shi, an murƙushe shi ya zama faifai, an cusa masa nakiya ta tashi da shi, bayan daƙiƙa biyu ya miƙe yana bin ɓera. A The Two Mouseketeers, wanda ya fito a 1952, an sa shi gadin liyafar sarki a Faransa ta zamanin da, aka ce in abinci ya taɓu kansa zai biya. Abinci ya taɓu. A ƙarshen kashin aka hango injin fille kai daga nesa, wuƙarsa ta sauko. Wannan ya fi kukan jirgi bayyana nesa ba kusa ba, har kyautar Oscar ya ci, ɗaya daga cikin bakwai da jerin ya samu. Babu wanda ya buɗe zaman makoki. Bayan 'yan makonni Tom ya dawo da kansa a wuyansa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne a ce Bahaushe ne ke faɗawa wannan rami, mutumin da ya tashi a gaban tatsuniya. Kaka ta zaunar da jikoki a tsakar gida bayan sallar isha'i, ta ba su labarin Gizo. Yau ya maƙale a jikin mutum-mutumin danƙo ya sha dukan kawo wuƙa. Gobe hankaki sun ƙwace fukafukan da suka ara masa sun bar shi a tsakiyar ruwa. Jibi ga shi garau yana haɗa giwa da dorina jan igiya. Ba a taɓa jin yaron da ya tashi ya ce Iya, ai Gizo ya mutu jiya ba. Kowa ya san dokar wasan: kowace tatsuniya da farkonta da ƙarshenta, gobe a sake sabon lale. Har rufe tatsuniyar ma da kan ɓera ake yi, ƙurunƙus kan kusu, kuma kullum ana samun wani kan da za a rufe ta gobe da shi. Tom da Jerry a kan wannan doka suke tafiya. Kowane kashi minti bakwai ne ko kusa da haka, ba ya bin na baya bashi, ba ya bar wa na gaba gado. Wanda ya nemi kashi na ƙarshe a cikinsu kamar mai neman ranar da Gizo ya saki Ƙoƙi ne.

Ba wannan ne karo na farko da aka yi wa katun ɗin ƙage ba. Da Gene Deitch ya rasu a Afrilun 2020 yana da shekara 95, shafukan sada zumunta suka cika da hoton Tom da Jerry suna kuka, ana ta'aziyyar wanda ya ƙirƙiro su. Mutumin ƙwararre ne, ya yi aikinsa, amma shekara 21 da haihuwar wasan ya karɓe shi. Masu shi na asali sun riga shi tafiya, Hanna a 2001, Barbera a 2006. Tun kafin nan, a 2016, shugaban hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Masar, Salah Abdel Sadek, ya tsaya a Jami'ar Alƙahira ya ɗora wa Tom da Jerry wani kaso na alhakin tashin hankali a ƙasashen Larabawa. Kowa ya zo sai ya ɗora wa muzuru da ɓera kayan da ba nasu ba.

Na Dayi da kewaye kuwa, kayan da suke ɗorawa zagin mata ne. A duba abin da ake rubutawa a ƙarƙashin bidiyon: mata ba amana, mace sai mai kuɗi, ga abin da so ke jawowa. Kyanwar da aka zana a Kalifoniya shekara kusan 70 da suka wuce ta zama hujja a kan 'yan matan unguwa, waɗanda da yawansu ba su ma da ta cewa a kan wanda za a ba su. Mai rubuta wannan zagi da dare, da safe ƙanwarsa ce za ta kawo masa koko a gona.

Sai kuma abin da ya fi duka nauyi. Guntun bidiyon, da waƙarsa da rubutunsa, yana yi wa kashe kai kwalliya. Yana nuna shi kamar wata cikar soyayya, abin a yi wa tafi da hawaye. Addini ya haramta, hankali ya ƙi, kuma wayoyin nan ba manya kaɗai ke riƙe su ba. Yaron da aka miƙa wa waya don ya yi shiru, shi ma yana gani. A Amurka ma ba a cika sa wannan kashi a tashoshin yara ba saboda nauyin abin da ya taɓo. A nan kuwa an tsame wurin da ya fi duhu, an ƙara masa ƙarya, ana rabawa kamar goron suna.

Wani zai ce ai katun ne kawai, mene ne na ɗaga jijiyar wuya. Wanda bai tantance labarin muzuru ba kafin ya tura, ba zai tantance na farashin taki ko na harin da aka ce an kai ƙauyen gaba ba. Yatsan ɗaya ne.

Abin takaicin shi ne akwai musu mai daɗi da wannan ƙarya ta ture gefe, musun da yankin noma ya fi kowa iya yi. A birni yara Jerry suke goyon baya, ƙarami mai wayo da ke kunyata babba. A ƙasar rumbu lissafin daban ne. Manomin da ya buɗe ɗakin ajiya bayan wata uku ya tarar an huda buhu goma, an ɓarar da tsaba, an bar masa kashin ɓera, ya san wanda ke da gaskiya. A wurinsa Tom ma'aikaci ne da aka ɗauka gadi, yana bakin ƙoƙarinsa, ɓarawo yana cin abincin gida, sannan uwar gida ta ɗauki tsintsiya ta bi mai gadin. An sha raba dare a kan wannan a dandali: masu cewa Jerry kare kansa yake yi, da masu cewa shi ke tsokana, da dattijon da zai ce su biyun ba sa son rabuwa, don duk ranar da aka kori Tom daga gida ɓeran ne ke fita nemansa. Wannan musu yana sa dariya, yana sa a tuna kashi kaza da kashi kaza, kuma duk wanda ya shiga cikinsa sai ya kalli wasan da idonsa.

Masu kukan layin dogo kuwa yawancinsu ba su taɓa ganin Blue Cat Blues daga farko zuwa ƙarshe ba. Daƙiƙa arba'in suka gani, da muryar wata mawaƙiyar Indiya a kai. Cikakken kashin kuwa minti bakwai ne duka-duka. Mai tura fina-finai na bakin tasha zai iya sa shi a waya a kan kuɗin da bai kai na kofin shayi ba, ya haɗa da na bayansa, wanda aka saki ranar 14 ga Disamba, 1956, inda Tom ya bi Jerry a guje ta tsakiyar wurin gashin Spike, daga baya rundunar tururuwa ta zo ta kwashe naman.