Waƙar Da Ba Ta Cikin Littafi: Tsokaci Kan Waƙoƙin Majami'a

Ranar wata Lahadi na ja wani abokina, ɗan ajinmu, muka shiga mota daga Samaru zuwa Sabon Gari don mu yi sujadar Hausa. Kirista ne kamar ni, amma ya fi wata shida bai taka ƙofar majami'a ba. Hujjarsa ita ce yana da Littafi Mai Tsarki a wayarsa, wa'azi kuwa ga shi nan jingim a YouTube, to, me zai tashe shi da sassafe? Amsar malaman addini sananniya ce, domin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, sura 10 aya 25, ta gargaɗi masu bi kada su daina taruwa. Ni ba fasto ba ne, ɗalibin adabi ne, saboda haka ta fuskar adabi zan amsa masa.

Waƙoƙin da ake yi a sujadar Hausa iri biyu ne. Na farko su ne na Littafin Waƙoƙi, waɗanda muka gada daga zamanin mishan. Likita Walter Miller ya zauna a birnin Zariya a 1905, aka mai da mishan ɗinsa Wusasa a 1929, aka kuma buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Masu aikin wancan zamani sun fassara waƙoƙin Turawa da yawa zuwa Hausa, suka bar musu karinsu na asali. Yabon gwani ya zama dole, sun yi ƙoƙari. Amma a ganina nan ne gizo ke saƙa. Waƙar Hausa, ta Aƙilu Aliyu ce ko ta Mamman Shata, tana tafiya ne bisa nauyin gaɓa, watau gaɓa mai nauyi da marar nauyi, harshen kuma yana da karin sauti. Karin Bature bai san wannan ba. Alal misali, in kari ya ja gaɓar farko ta kalmar gari, sai garin da mutane ke zaune ya koma garin tuwo. In ya saukar da murya a ƙarshen kalmar kuka, sai kukan mai zunubi ya koma itacen kuka. Shi ya sa sau da yawa baki yana rerawa, kunne bai kama ma'ana ba sai ido ya duba shafi.

Iri na biyu su ne waƙoƙin Zumuntar Mata. A ran nan da iyayenmu suka miƙe, sanye da zane iri ɗaya, aka buga tulu, aka kaɗa caki, sai na ga abokina ya ajiye waya. Wata tsohuwa tana bayarwa, sauran suna amshi, kamar yadda ake waƙar daɓe ko ta gaɗa. Su suka tsara kalmomin, su suka sa musu kari, don haka muryar tana bin maganar. Jigonsu kuwa daga gida ake ɗauko shi: maigidan da ke kwana a mashaya, kuɗin makarantar yara, tsegumi, mutuwa. Ba na cewa ba su da aibi. Maimaici yakan yi yawa, kuma da yake Hausa ba harshen uwa ba ne ga da yawa daga cikin matan, akan ji an ce "ya" inda ya kamata a ce "ta". Duk da haka, in ana neman adabin baka mai rai a cikin majami'a, ga shi nan.

To, a ina ake ajiye waɗannan waƙoƙi? Mafi yawansu ba a rubuce suke ba, a bakin jama'a suke. Mai bayarwa takan sauya baiti gwargwadon abin da ya faru a unguwa cikin makon, wanda bai zo ba kuwa ya yi asarar wannan baiti har abada. Ko an ɗauka a waya, hoton Lahadi guda aka ɗauka, kuma waya ba ta amshi. A 2020, sa'ad da annobar korona ta sa aka rufe wuraren ibada a Jihar Kaduna, wata tsohuwa da ke bayarwa a ƙungiyar mahaifiyata ta rasu. Da aka koma, akwai waƙoƙin da sai amshinsu kaɗai aka tuna.

Wannan ita ce amsata ga abokina. Zuwa sujada kowane mako shi ke riƙe wannan gado, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kiristan da ya ƙaurace ya rage murya ɗaya cikin 'yan amshi, kuma 'ya'yansa ba za su sami inda za su koya ba.

Daga ƙarshe, ina da ƙorafi a kanmu, mu 'yan wannan ƙungiya. Mun rubuta kundaye a kan Narambaɗa da Ɗan Maraya Jos, amma ba safai muke waiwayar waƙoƙin da ake rerawa da Hausa kowace Lahadi a bayan katangar jami'armu ba. Ina roƙon malamanmu su ba ɗalibai wannan batu, Musulmi da Kirista, a nemi izinin iyayen nan, a je ranar da suke koyon waƙa da rikoda da biro. Shi kuwa abokina, a hanyarmu ta komowa na ji yana ta maimaita amshin nan a hankali. Na ce masa sauran baitocin suna wurin tsohuwar, sai Lahadi mai zuwa in Allah ya kai mu.